Yadda Ake Canza ko Cire Sashen CD da Ke Kulle a Cikin Filash

Masu karatu da dama sun yi ta aiko da tambaya a kan filash ɗin da idan aka soka shi a kwamfuta sai ya fito gida biyu: ɗaya ma'ajiya ce irin wadda aka saba, ana zuba fayil ana kwashewa, ɗayan kuma yana ɗauke da alamar faifan CD, ba ya karɓar sabon fayil, ba ya yarda a goge na cikinsa, kuma ba ya yin fomatin ko ta wace hanya aka bi. Galibi irin filash ɗin nan ne da ake rabawa a wurin taro ko bita ɗauke da takardun masu shirya taron, ko tsohon SanDisk Cruzer mai tsarin U3, wanda ke buɗe manhajoji kai tsaye daga filash, ko kuma na hannu da aka saya ba tare da an san inda ya fito ba.

Kafin a ɗauki mataki na farko, wajibi ne a san inda makullin yake. A cikin kowane filash akwai ƙwayoyin lantarki iri biyu: memori, inda bayanai suke kwanciya, da kwantirola, wadda ke magana da kwamfuta. Kwantirolar ce take gabatar da kanta a matsayin na'ura biyu, ta ce wa kwamfuta ɗayar na'urar karanta CD ce, ita kuwa kwamfuta ta yarda, ta ɗauke ta tamkar faifan gaske da aka riga aka buga. Saboda haka babu wani saiti a Windows da zai mayar da wannan sashe wurin da za a riƙa jefa fayil ɗaya-ɗaya. Abu biyu ne kaɗai suke yiwuwa: a sauya abin da ke ciki gaba ɗaya da sabon fayil na ISO, wato fayil guda da ke ɗauke da kwafin faifan CD sukutum, ko a rushe sashen a mayar wa ma'ajiyar filinsa. Dukkan hanyoyin biyu suna bi ne ta manhajar da ta san yaren wannan kwantirolar, don haka rabin aikin shi ne gano wace kwantirola ce.

Kayan aiki da abin da za a kashe

Ana buƙatar kwamfuta mai Windows, kuma tsohuwa mai Windows 7 ta fi ba da haɗin kai, domin yawancin manhajojin masana'anta an rubuta su ne a zamanin XP da 7. Laftof mai batir mai kyau ta fi dacewa, saboda ɗaukewar wuta a tsakiyar aikin tana iya kashe filash ɗin. Wanda zai yi amfani da kwamfutar tebur ya haɗa ta da UPS, ya kuma soka filash ɗin a ramin USB na baya, wanda ke manne da allon uwa, ba na gaba ko na reshe, wato USB hub, ba. Daga manhajoji kuwa ana buƙatar ChipGenius ko Flash Drive Information Extractor domin gano kwantirola, ImgBurn domin kwafe da haɗa ISO, da H2testw domin gwajin ƙarshe. Duk kyauta ne, kuma ƙanana ne, ba za su ci data mai yawa ba.

Kuɗin da ke cikin aikin shi ne darajar filash ɗin kansa, domin yana iya mutuwa a hannunka. A ganina, idan filash ne mai gigabait 2 ko 4 wanda sashen CD ɗinsa bai wuce 'yan megabait ba, kuma bai hana ka komai ba, sayen sabo ya fi sauƙi da arha a kan ɓata yini guda. Aikin yana biyan wahalarsa ne idan sashen ya cinye fili mai yawa, ko yana buɗe wata manhaja mai takura duk lokacin da aka soka shi, ko rediyon mota da talabijin suna kasa karanta filash ɗin saboda sashen CD suke fara cin karo da shi, ko kuma kai ne kake son ajiye wani abu a wurin da ƙwayar cutar kwamfuta ba za ta iya taɓawa ba.

Mataki na 1: Tabbatar da irin kullen

Ba duk filash da ya ƙi karɓar rubutu ba ne yake da sashen CD, kuma mutane da yawa suna ɓata lokaci a kan maganin da ba na ciwonsu ba. Ka soka filash ɗin, ka buɗe This PC, ka danna dama a kan sashen da ya kulle, ka zaɓi Properties. Idan tsarin fayil ya nuna CDFS, kuma filin da ya rage sifili ne, to sashen CD ne. Domin ƙarin tabbaci ka buɗe Device Manager: za ka ga filash ɗin sau biyu, sau ɗaya a ƙarƙashin Disk drives, sau ɗaya a ƙarƙashin DVD/CD-ROM drives. A Linux umarnin `lsblk` zai nuna ma'ajiyar da suna irin sdb, sashen CD kuma da suna irin sr0 ko sr1.

Idan kuwa filash ɗin gida ɗaya ne, tsarinsa FAT32 ko exFAT ko NTFS, amma yana cewa an kare shi daga rubutu, matsalar daban ce. A nan ne ake duba ko akwai ɗan makunni a gefensa, sannan a buɗe `diskpart`, manhajar Windows ta sarrafa faifai, da ikon administrator a rubuta `list disk`, sai `select disk` tare da lambarsa, sai `attributes disk clear readonly`. Ana kuma duba ƙimar WriteProtect a rijistar Windows, a ƙarƙashin StorageDevicePolicies, a mayar da ita sifili idan tana kan ɗaya. Idan duk wannan bai yi ba, mai yiwuwa memorin ne ya gaji, kwantirola ta kulle shi da kanta domin a samu damar kwashe abin da ya rage.

Gargaɗi: umarnin `diskpart` ba ya aiki a kan sashen CD, domin sashen ba ya ma fitowa a jerin `list disk`. Wanda ya dage yana neman sa a can yana iya zaɓar lambar da ba ita ba, ya ba da umarnin `clean` a kan babban faifan kwamfutarsa.

Mataki na 2: Filash ɗin da ba a taɓawa

Akwai na'urorin da sashen CD ɗinsu shi ne ƙofar shiga. Filash masu ɓoye bayanai da kalmar sirri, irin su IronKey da Kingston DataTraveler Vault Privacy, suna ajiye manhajar buɗewa ne a wannan sashe, kuma sai an shigar da kalmar sirri ta cikinta ma'ajiyar take bayyana. Rushe sashen a irin waɗannan yana nufin asarar hanyar isa ga bayanan. Haka ma 'yar na'urar lasisi da ke zuwa tare da wasu manhajoji masu tsada. Idan filash ɗin na wurin aiki ne, a nemi izinin mai kula da kwamfutocin wurin tukuna, domin wani lokaci da gangan aka kulle shi.

Na'urori biyu kuma suna kama da wannan matsala amma hanyarsu daban. Modem ɗin intanet na Huawei da ZTE, irin waɗanda kamfanonin waya suka yi ta sayarwa a Najeriya da Nijar, suna fitowa a matsayin CD ne domin su girka direbobinsu, kuma ana sauya abin da ke ciki ne kawai ta fayil ɗin sabuntawa da aka yi wa ainihin samfurin. Wasu faifan waje na Western Digital, na jerin My Passport da My Book masu SmartWare, su ma suna da irin sashen, kuma kamfanin ya fitar da manhajar VCD Manager wadda ke ɓoye shi ba tare da ta goge shi ba.

Mataki na 3: Kwashe komai, har da sashen CD ɗin

Duk hanyoyin da ke tafe suna shafe ma'ajiyar filash ɗin baki ɗaya, shafewar da sau da yawa manhajojin dawo da fayil ba sa iya gyarawa. Ka kwafe duk abin da ke ciki zuwa kwamfuta, ka buɗe wasu daga cikin fayilolin a can ka tabbatar suna buɗewa, musamman hotuna da bidiyo.

Bayan haka ka ɗauki kwafin sashen CD ɗin a matsayin ISO. A ImgBurn ka zaɓi Create image file from disc, ka nuna masa harafin sashen, ka adana. A Linux umarnin shi ne `dd if=/dev/sr1 of=tsoho.iso bs=2048`, bayan ka tabbatar da sunan sashen daga `lsblk`. Wannan kwafin ne zai ba ka damar mayar da filash ɗin yadda yake idan daga baya ka gano ana buƙatar abin da ke ciki, kuma daga gare shi za ka ciro fayiloli idan gyara kawai kake son yi.

Mataki na 4: Gano kwantirola

A nan ne ya kamata a nutsu, domin sunan da aka buga a jikin filash ba ya gaya maka abin da ke cikinsa. Kamfani ɗaya yana iya sayar da samfuri ɗaya, launi ɗaya, girma ɗaya, amma na bana da na bara kwantirolarsu daban. Ka cire duk wani filash da ke jikin kwamfutar, ka bar wanda ake aiki a kansa, ka buɗe ChipGenius da ikon administrator, ka danna sunan filash ɗin a jerin da ke sama. Abubuwa biyar za ka rubuta a takarda ko ka ɗauki hotonsu da waya: lambar VID (ta kamfani), lambar PID (ta samfuri), kamfanin kwantirola, lambar samfurin kwantirola, da Flash ID, wato jerin lambobi da haruffa da ke bayyana irin memorin.

Lambar VID tana ba da haske na farko: 0781 ta SanDisk ce, 0951 ta Kingston, 13FE ta Phison, 090C ta Silicon Motion, 058F ta Alcor Micro. Sai dai ba a dogara da ita kaɗai, tunda mai haɗa filash yana iya rubuta lambar da ya ga dama, kuma filash na Kingston, alal misali, sau da yawa kwantirolar Phison ce a cikinsa. Layin da ake nema da gaske shi ne na samfurin kwantirola: PS2251-03 ko PS2251-07 na Phison, SM3257 ko SM3267 na Silicon Motion, AU6989 na Alcor, jerin CBM209 na Chipsbank, FC1178 ko FC1179 na FirstChip. Yana da kyau a sake dubawa da manhaja ta biyu. Idan biyun suka yi sabani, sai a ɓalle murfin a hankali da bakin reza a karanta rubutun da ke kan ƙaramar ƙwaya mai kusurwa huɗu da ke kusa da bakin USB. Babbar mai tsawo ita ce memori. Idan ka buɗe ka tarar da baƙin falle guda ɗaya mai siraran layukan zinare a bakinsa, to an narka komai ne a dunƙule, babu abin karantawa, sai dai abin da manhaja ta faɗa.

Gargaɗi: idan filash ɗin SanDisk ne na bayan zamanin U3, kamfanin da kwantirolarsa yake aiki, kuma manhajar masana'antarsa ba ta yawo a intanet. Duk shafin da ya ce yana da ita a yi hattara da shi.

Mataki na 5: Shirya sabon ISO

Wanda yake son rushe sashen kawai ya tsallake wannan mataki. Wanda yake son sauya abin da ke ciki kuwa ya buɗe sabuwar folda, ya zuba duk abin da yake so sashen ya ɗauka, ya duba da kyau, domin bayan an rubuta ko harafi ɗaya ba ya gyaruwa sai an maimaita aikin daga farko. A ImgBurn ana zaɓar Create image file from files/folders, a sa tsarin fayil ISO9660 tare da Joliet domin dogayen sunaye su fito daidai. A Linux `genisoimage -J -r -o sabo.iso folda` ya wadatar. Idan akwai fayil guda da ya wuce gigabait 4, a ƙara tsarin fayil na UDF.

Idan ISO ne na tayar da kwamfuta, kamar na girka Windows ko Linux, a yi amfani da shi yadda aka sauke shi. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a warware shi a folda a sake haɗawa, sai bayanan tayarwa su zube, a wayi gari da sashen da ke nuna fayiloli amma kwamfuta ba ta tashi daga gare shi.

Ka ajiye ISO ɗin a gajeriyar hanya irin `C:\iso\sabo.iso`. Kada sunan ya ƙunshi tazara ko haruffanmu masu lanƙwasa, wato ƙ da ɗ da ɓ, domin manhajojin masana'anta ba sa gane su, sai su ce ba su ga fayil ba alhali yana nan.

Mataki na 6: Idan filash ɗin U3 ne

Wannan ita ce hanya mafi sauƙi. Ana gane U3 da tambarinsa a jikin filash, da kuma fayilolin LaunchU3.exe da autorun.inf a cikin sashen CD, wanda bai wuce 'yan megabait ba. Kamfanonin SanDisk da M-Systems ne suka fito da tsarin a 2005, aka fara janye shi a ƙarshen 2009, kuma tun asali an tanadi hanyar cire shi. A cikin Launchpad, wato manhajar U3 da ke buɗewa idan an soka filash ɗin, akwai zaɓin Uninstall a ƙarƙashin saiti, akwai kuma manhajar U3 Launchpad Removal Tool mai zaman kanta. Ana buɗe ta, a tabbatar an kwashe kaya, a bar ta ta gama, a zare filash a mayar, sai ya fito gida ɗaya.

Wanda yake son riƙe sashen ya sauya abin da ke ciki zai fi jin daɗin `u3-tool` a Linux. Umarnin `u3-tool -i /dev/sdb` yana nuna girman sassan biyu. Umarnin `u3-tool -p` tare da girman da ake so a lissafin bait yana sake yanka filash ɗin, kuma idan aka sa sifili sashen CD ya tafi ke nan. Bayan an yanka, sai a zare a mayar, sannan `u3-tool -l sabo.iso /dev/sdb` ya ɗora sabon ISO. Girman da za a yanka ya ɗan ɗara girman ISO ɗin, in ba haka ba ba zai shiga ba.

Gargaɗi: idan an taɓa sa wa filash ɗin kalmar sirri ta U3, a cire ta kafin a fara. Wanda ya manta ta yana da zaɓin `-R` na `u3-tool`, amma wannan yana shafe bayanan da kalmar take karewa.

Mataki na 7: Manhajar masana'anta ga sauran filash

Duk filash da ba U3 ba sai an bi ta manhajar da masana'anta ke amfani da ita wajen tsara sabbin filash, wadda masu gyara ke kira MPTool. Kowace kwantirola da tata: MPALL ga Phison, SMI MPTool ga Silicon Motion, AlcorMP ga Alcor. Ba kamfanonin ne suke raba su ga jama'a ba, ana samun su ne a rumbunan masu gyara na Rasha da Sin, irin su usbdev.ru da flashboot.ru. Ana neman sigar da ta ambaci lambar kwantirolarka, wadda kuma ta san Flash ID ɗinka. Sigar da ta girmi memorin ba za ta gane shi ba, don haka idan ta farko ta ƙi, a gwada wadda ta fito kusa da shekarar da aka ƙera filash ɗin.

Gargaɗi: manhajar kariya takan yi ƙara a kan waɗannan fayiloli, wani lokaci ƙarar banza, wani lokaci kuma da gaskiyarta. A ɗora fayil ɗin a VirusTotal, shafin intanet da ke bincika fayil ko yana da ƙwayar cuta, kafin a buɗe, kuma a yi aikin a kwamfutar da babu harkar banki ko takardun aiki a cikinta. Kwamfutar kwaikwayo irin ta VirtualBox ba ta cika dacewa ba, saboda filash ɗin yana katsewa ya sake haɗuwa a tsakiyar aikin, kuma a wannan ɗan tsakanin yakan kuɓuce mata.

A Phison ana buɗe MPALL, a danna Update, sai filash ɗin ya bayyana a ɗaya daga cikin akwatunan da ke allon. Idan bai bayyana ba, sigar ba tasa ba ce, kada a ci gaba. Daga nan a shiga Setting, a zaɓi sabon saiti, a sa lambar kwantirola. A wurin rabon sassa, mai son rushe CD ya sa sashe ɗaya na Removable Disk, wanda Phison ke kira Mode 3. Mai son CD da ma'ajiya ya sa sassa biyu, na farko CD-ROM tare da nuna masa ISO, na biyu Removable Disk, wato Mode 21. A adana saitin, a koma babban allo, a danna Start. Akwai akwatin da ake kira Do ISP, wanda ke sake rubuta manhajar cikin kwantirola daga fayiloli biyu, mai farawa da BN da mai farawa da FW. Shawarata ita ce a fara gwadawa ba tare da an taɓa shi ba, domin sauya sassa sau da yawa ba ya buƙatarsa, kuma fayil ɗin FW da bai dace da memorin ba shi ne abin da ya fi kashe filash. Wani lokaci manhajar takan tsaya ta nemi a zare filash a mayar; a bi umarninta, a sake danna Start.

A Silicon Motion fayil ɗin da ake buɗewa shi ne sm32Xtest. A danna Scan USB, sannan Setting, inda za ta nemi kalmar shiga, wadda ita ce 320, sai a zaɓi fayil ɗin default.ini. Akwatin Make Auto Run shi ke kafa sashen CD: a sa masa alama a nuna masa ISO idan ana son sashen, a cire alamar idan ana son ya tafi. Sauran saitin a bar su yadda aka same su. A AlcorMP kuwa ana shiga Setup, a wurin zaɓin yanayi a ɗauki Pure Disk domin filash gida ɗaya, ko AutoRun domin CD da ma'ajiya. AlcorMP tana girka wani direba nata mai suna mpfilt a cikin Windows, saboda haka a rufe ta ta hanyar da ta dace idan an gama, domin idan direban ya maƙale ramukan USB na kwamfutar sukan fara rikici.

Da zarar an danna Start, hannu ya bar kwamfutar. Aikin yana iya ƙarewa cikin minti kaɗan, yana kuma iya ɗaukar sa'a ko fiye idan manhajar ta shiga binciken memorin gida-gida. Ko sandar ci gaba ta yi kamar ta tsaya, kada a zare filash, kada a rufe laftof, kada a bari ta yi barci. Akwatin ya zama kore alamar an gama lafiya. Ja alamar kuskure, kuma a rubuta lambar kuskuren kafin a rufe komai, domin da ita ake gane ko sigar ce ba ta dace ba ko memorin ne ya lalace.

Mataki na 8: Idan kwamfuta ta daina ganin filash ɗin

Filash da aikin ya katse masa yakan fito da girman sifili, ko da wani baƙon suna, ko ya ƙi fitowa sam. Idan ChipGenius tana ganin kwantirolar har yanzu, da sauran rai: a koma mataki na 7 da wata sigar, a wannan karon tare da fayilolin manhajar ciki da suka dace da Flash ID ɗin da aka rubuta tun farko. Amfanin waccan takardar ke nan, domin filash da ya rikice ba lallai ya sake faɗin lambobinsa daidai ba.

Idan ba a ganin sa ko kaɗan, masu gyara suna tilasta wa kwantirola shiga yanayin gwaji. Ana buɗe murfin, a nemo ƙwayar memori mai ƙafafu 48, a ƙirga daga ɗigon da ke kusurwarta, wanda ke nuna ƙafa ta farko, a haɗa ƙafa ta 29 da ta 30 da bakin allura, a soka filash ɗin a kwamfuta yayin da allurar take wurin, sannan a ɗage ta bayan daƙiƙa biyu ko uku. Kwantirolar da ta kasa karanta memori a lokacin tashi takan koma kan manhajarta ta asali, sai MPTool ta gan ta. Ƙafafun sirara ne ƙwarai, kuma sun matsu da juna, don haka ana buƙatar gilashin ƙara girma da igiyar USB ta ƙari domin filash ɗin ya kwanta a tebur. Allurar da ta zame ta taɓa ƙafar wuta tana iya ƙona ƙwayar, saboda haka wanda hannunsa bai saba ba gara ya kai wa mai gyaran waya, tunda irin aikinsu ne na kullum. Filash da aka narka a dunƙule ba shi da ƙafafun da za a taɓa.

Mataki na 9: Gwaji da fomatin na ƙarshe

Bayan akwatin ya yi kore, a rufe manhajar, a zare filash, a mayar. Mai rushe sashen zai ga gida ɗaya. Mai sauya ISO zai ga sabbin fayilolinsa a sashen CD. Idan Windows ta ci gaba da nuna tsohon sashen, a share tsohuwar shigarsa a Device Manager, a sake sokawa. Daga nan a yi wa ma'ajiyar fomatin: FAT32 idan za a riƙa sa shi a rediyon mota, talabijin ko tsofaffin na'urori, exFAT idan za a ɗora fayil da ya wuce gigabait 4.

Kada a zuba kaya masu muhimmanci sai an gwada shi da H2testw, wadda ke cika filash ɗin da bayanai har baki, ta sake karanta su, ta faɗi ko akwai wurin da ya ɓata. Raguwar girma kaɗan ba matsala ba ce: filash mai gigabait 8 ba ya wuce kimanin 7.45 a lissafin Windows, mai 16 kuma kimanin 14.9, sannan a cire girman sashen CD idan an bar shi. Amma idan wanda aka buga wa 64 a jiki ya dawo 8 bayan aikin, manhajar ba ta cinye komai ba. Jabu ne tun farko, an yi wa kwantirolarsa ƙaryar girma da irin wannan manhajar, yanzu kuma ta karanta memorin ta faɗi gaskiyarsa. Gigabait 8 ɗin su ne za su riƙe fayil ba tare da sun lalata shi ba.

Mai sashen CD na tayar da kwamfuta ya gwada shi a jerin zaɓin tayarwa, inda zai fito da sunan USB CD-ROM, daban da ma'ajiyar. Sai dai kowace sauyawar ISO tana nufin a sake kwashe kaya a sake bin mataki na 6 ko na 7, kuma kowane zagaye yana ɗauke da haɗarinsa. Wanda aikinsa girka Windows da Linux ne a kwamfutocin mutane, yana sauya ISO kowane wata, zai fi samun sauƙi idan ya mayar da filash ɗin gida ɗaya ya girka masa Ventoy, manhajar da ke tayar da kwamfuta daga fayilolin ISO da ke cikin filash, wadda ta fito a 2020, domin a can ana jefa ISO ne kamar kowane fayil, a goge shi idan sabo ya fito. Sashen CD ya fi dacewa da abin da ba ya canzawa, kamar direbobi da manhajojin gyara da ake yawo da su daga kwamfuta zuwa kwamfuta a shagon buga takardu, inda filash ke kwasar ƙwayar cuta kusan duk inda aka soka shi.